Man goge baki mai sa haƙori fari da tasirinsa ga ɓawon haƙori

Ɓawon haƙori, wanda likitoci ke kira inamel, shi ne farin rufin da ke lulluɓe haƙori. Babu abin da ya kai shi tauri a jikin mutum, domin kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adinai ne. Kaurinsa bai wuce milimita 2.5 ba, kuma ba shi da ƙwayoyin halitta masu rai, saboda haka abin da ya zaizaye ba ya tsirowa.

Yawancin man da ake sayarwa a kantuna da farmasin Maraɗi da sunan mai sa haƙori fari, kankara yake yi. A cikinsa akwai gari mai kaushi, kamar silika ko alli ko bikarbonat, wanda ke goge dattin goro, shayi da taba daga saman haƙori. Wasu kan ƙara sinadarin feroksaid kaɗan, mai washe launin tabo. Ana auna kaushin da ma'aunin RDA, kuma ƙa'idar duniya ta hana ya wuce 250. Man da bai ƙetare wannan ba, idan aka yi amfani da shi da buroshi mai laushi, ɓarnarsa ga lafiyayyen ɓawo kaɗan ce.

Haɗarin yana ga gurza da ƙarfi, musamman bayan shan abu mai tsami. Tsamiya, lemun tsami, zoɓo da lemun kwalba suna tausasa ɓawon, shi ya sa ake son a jira rabin awa kafin a goge. In ɓawon ya yi siriri, ɓangaren da ke ƙarƙashinsa, dantin, mai ruwan ɗorawa, sai ya fito fili. Mutum ya nemi fari, ya ƙare da haƙori ja mai zogi da an kurɓi ruwan randa. Gawayi da toka ma haka suke ci.

Akwai tabon da man ba ya taɓawa sam. A Tibiri, kusa da Maraɗi, ruwan sha mai yawan sinadarin fuloraid daga tsakiyar shekarun 1980 ya bar yara da yawa da haƙora masu tabo da ƙasusuwa a lanƙwashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar fuloraid a miligiram 1.5 cikin litar ruwan sha. Irin wannan tabo a cikin ɓawon yake tun haƙorin na ginuwa, kuma abin takaici ne ganin mai shi yana ta gurza. Aikin likitan haƙori ne.