Matsayin tabar wiwi a dokar ƙasa da ƙasa bayan ƙuri'ar 2020

Har yanzu akwai masu cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta halatta tabar wiwi. Abin da ya faru bai kai nan ba.

Tushen maganar yarjejeniyar 1961 ce kan miyagun ƙwayoyi, wadda kusan dukkan ƙasashen duniya suka sa wa hannu. Ta kasa ƙwayoyi rukuni huɗu, kuma wiwi ta faɗa cikin biyu a lokaci guda. Rukuni na 1 na abubuwan da ke kama mutum ne har ya kasa bari, irin su morfin da hodar iblis, waɗanda ake sa wa ido sosai amma likita na iya aiki da su. Rukuni na 4 kuwa na waɗanda aka ɗauka haɗarinsu ya yi yawa, amfaninsu a asibiti kuma bai taka kara ya karya ba. A nan wiwi ta zauna tare da hiroyin kusan shekara 60.

A watan Janairun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a cire ta daga rukuni na 4. Ranar 2 ga Disamba 2020, hukumar Majalisar mai kula da ƙwayoyi, wadda ke zama a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ta amince da ƙyar: ƙasashe 27 suka goyi baya, 25 suka ƙi, ɗaya ta ƙaurace. Amma wiwi tana nan daram a rukuni na 1.

Me ya sauya tunanin? Magunguna masu ɗauke da sinadaran wiwi da aka riga aka gwada. Amurka ta amince da dronabinol tun 1985 domin rage tashin zuciya da aman masu karɓar maganin ciwon daji, daga baya kuma ga masu ƙanjamau da suka daina jin sha'awar abinci. Birtaniya ta yi wa Sativex rajista a 2010 saboda ɗaurewar jijiyoyi. A 2018 Amurka ta amince da Epidiolex ga wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani. Shi wannan na ƙarshen CBD ne, wani sinadarin da ke cikin wiwi wanda ba ya bugarwa. Mai bugarwar shi ne THC.

THC ɗin ne kuma dalilin da ya sa ba a sake ta gaba ɗaya ba. Yana hanzarta bugun zuciya, ido ya yi ja, baki ya bushe, mutum ya manta abin da aka faɗa masa yanzun nan. Direban da ya sha kan makara wajen taka burki. Wasu fargaba ce ke kama su, su riƙa zargin kowa. Wanda ya fara tun yana matashi, ko yake sha kullum, ko akwai taɓin hankali a danginsa, shi ya fi shiga haɗari. Hayaƙin ma ba ya barin ƙirji lafiya. Don haka kwalbar da aka auna, likita ya rubuta, daban take da ganyen da ba wanda ya san ƙarfinsa.

Ƙa'idar yarjejeniyar dai ba ta motsa ba: amfani don magani da binciken kimiyya kaɗai. Ƙasar da ta yarda a noma wiwi don magani sai ta kafa hukumar gwamnati da za ta ba manoma lasisi, ta kuma karɓi duk abin da aka girbe. Ba a tilasta wa kowace ƙasa ta yarda ba, tana ma da ikon ta fi yarjejeniyar tsanani.

Yurugai a 2013 da Kanada a 2018 sun halatta sha don nishaɗi, hukumar da ke sa ido kan yarjejeniyar kuwa ta ce sun saɓa mata. Matafiyi ya kula: takardar likitan wata ƙasa ba lallai ta yi aiki a filin jirgin wata ba, domin dokar ƙasar da ka sauka ita alƙali zai buɗe.