Batirin Volta da Ma'aunin Ƙarfin Elektrod

Batirin Volta, wanda wasu littattafai ke kira batirin Galvani, na'ura ce da ke mayar da haɗuwar sinadarai ta zama wutar lantarki. Ginshiƙinsa ƙarafa biyu ne mabambanta, kowanne a tsome cikin ruwan da ke ɗauke da gishirin sinadari, an haɗa su da waya. Kowane ƙarfen ana kiransa elektrod. Ɗaya yana sakin elektron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da cajin lantarki, ɗayan yana karɓa. Gwargwadon yadda kowane ƙarfe ke jan elektron zuwa gare shi a ƙarƙashin ƙayyadaddun sharuɗɗa shi ake kira daidaitaccen ƙarfin elektrod, alamarsa E°, kuma da bolt ake auna shi. Batirin tocila da na mota da na sola da ake sayarwa a Babbar Kasuwar Sakkwato duk a kan wannan ƙa'ida suke aiki.

Tarihi

Abin ya samo asali ne daga gardamar malamai biyu na ƙasar Italiya. Luigi Galvani, likita kuma malami a Bologna, ya lura a wajajen shekarun 1780 cewa ƙafar mataccen kwaɗo tana zabura idan ƙarafa suka taɓa jijiyarta. A 1791 ya wallafa bincikensa, inda ya ce wutar daga jikin dabbar take fitowa. Alessandro Volta na Jami'ar Pavia ya fara gaskata shi, daga baya ya juya. A ganinsa ƙarafan biyu ne tushen wutar, ƙafar kwaɗon kuwa jiƙaƙƙiyar hanya ce kawai da wutar ke bi.

Don ya kafa hujja, Volta ya cire kwaɗo daga gwajin baki ɗaya. Ya jera faya-fayan tutiya da na jan ƙarfe ko azurfa, ɗaya bisa ɗaya, yana sa kwali ko ƙyalle da aka jiƙa da ruwan gishiri a tsakani. Da tsibin ya yi tsawo, wanda ya taɓa samansa da ƙasansa sai ya ji wuta ta ja shi. Ya bayyana wannan a wasiƙar da ya aika wa Joseph Banks, shugaban ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan, ranar 20 ga Maris, 1800. Galvani bai ga wannan rana ba, domin ya rasu a 1798. Shi ma bai yi kuskure gaba ɗaya ba, tunda daga baya an tabbatar jijiyoyi da lantarki suke aika saƙo.

Labarin ya bazu kamar wutar daji. A cikin 1800 ɗin William Nicholson da Anthony Carlisle suka yi amfani da tsibin Volta suka raba ruwa zuwa haidrojin da oksijin. A 1801 Volta ya nuna shi a gaban Napoleon a Paris. A 1807 Humphry Davy ya fitar da potasiyom da sodiyom da shi, ƙarafan da ba wanda ya taɓa ganinsu zallansu kafin nan. Volta ya ɗauka taɓa juna da ƙarafan ke yi ne ke haifar da wutar, sai Michael Faraday ya nuna a shekarun 1830 cewa sauyin sinadarai ne. A 1881, a taron masana lantarki na Paris, aka amince da sunan bolt don tunawa da shi.

Tsibin Volta yana da aibi: kumfar haidrojin kan taru a kan jan ƙarfen, sai wutar ta raunana cikin ɗan lokaci. John Frederic Daniell ya magance wannan a Landan a 1836, kuma batirinsa ya yi wa layukan tangaraho hidima shekaru da dama.

Akwai wani tulu da aka tono kusa da Bagadaza a wajajen 1936, da jan ƙarfe da baƙin ƙarfe a ciki. Wasu sun ce tsohon batir ne. Yawancin masana kayan tarihi ba su yarda ba.

Yadda yake aiki

Batirin Daniell shi ne misalin da ɗaliban sakandare suka fi gamuwa da shi. Ana tsoma sandar tutiya a ruwan salfet ɗin tutiya, sandar jan ƙarfe kuma a ruwan salfet ɗin jan ƙarfe, wanda yake shuɗi. Kowace ƙwayar zarra ta tutiya tana sakin elektron biyu ta narke cikin ruwa. Wannan ɓangare shi ne anod. Elektron ɗin su bi waya zuwa katod, wato ɓangaren jan ƙarfe, inda jan ƙarfen da ke cikin ruwa ke karɓarsu ya manne a jikin sanda. Idan aka bar shi yana aiki, sandar tutiya ta rame, ta jan ƙarfe ta yi kauri, shuɗin ruwan ya dusashe. Tsakanin kwanukan biyu akwai gadar gishiri, wato bututu mai ɗauke da ruwan gishiri da ke haɗa su, wadda in babu ita caji zai taru a gefe guda aikin ya tsaya cak.

Ma'auni

Ba a iya auna ƙarfin elektrod guda shi kaɗai, domin na'urar awo bambanci tsakanin wurare biyu take karantawa. Saboda haka masana suka zaɓi abin kwatance, kamar yadda 'yan kasuwa ke yarda da mudu ɗaya. Abin da suka zaɓa shi ne elektrod ɗin haidrojin: farantin filatinom a cikin asid mai ƙarfin mol 1 a lita (mol ma'aunin yawan sinadari ne), ana hura masa iskar haidrojin a matsin bar 1 (kusan matsin iskar da muke shaƙa), aka ba shi bolt 0.00. Yawancin jadawali a zafin digiri 25 aka tsara su.

A wannan ma'auni litiyom yana da −3.04, alminiyom −1.66, tutiya −0.76, baƙin ƙarfe −0.44, jan ƙarfe +0.34, azurfa +0.80, fulorin kuma +2.87. Wanda adadinsa ya fi ƙasa shi ya fi saurin ba da elektron. Ƙarfin batir shi ne E° na katod a debe E° na anod, don haka na Daniell ya zama 0.34 − (−0.76), wato bolt 1.10. Idan amsar ta fito da alamar tarawa, haɗuwar za ta faru da kanta. Ninka adadin sinadarai a lissafi ba ya canza E°, kuma a nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe.

An daɗe ana saɓani kan alamar tarawa ko ta debewa da za a sa wa waɗannan adadai, har taron Stockholm na 1953 ya fifita rubuta su ta fuskar karɓar elektron.

Idan sharuɗɗa suka sauya, ana gyara lissafin da ƙa'idar da Walther Nernst ya fitar a 1889, wadda ke la'akari da zafi da yawan sinadari a cikin ruwa.

Amfani a yau

Batirin darma da asid, wanda Gaston Planté ya ƙirƙira a 1859, shi ne na mota: sel shida, kowanne kimanin bolt 2.1, jimla 12.6 in ya cika. A Sakkwato, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40, ruwansa yakan ƙafe da wuri, shi ya sa masu cajin batir ke buɗe murafun su leƙa, su ƙara tataccen ruwa. Batirin tocila, jikan na Georges Leclanché na 1866, bolt 1.5 ne. Na wayar salula litiyom ne, kimanin bolt 3.7.

Jadawalin E° yana bayyana kwanon rufi ma. An shafe baƙin ƙarfensa da tutiya, kuma da yake tutiya ta fi shi saurin ba da elektron, ita ke cinyewa tukuna ko da an karce kwanon, sai ta ƙare sannan tsatsa ta kama. Mai son gani da ido yana iya soke ƙusa mai rufin tutiya da guntun wayar jan ƙarfe a jikin lemun tsami, ba tare da sun taɓa juna ba. Mita za ta nuna abin da ya kusa bolt 1.