Shin wiwi ganye ne kawai da ba ya kama mutum?

An daɗe ana cewa tabar wiwi tsiro ce da Allah ya halitta, don haka ba ta illa, kuma wai shi ya sa wasu ƙasashe suka halatta ta. Masu wannan magana ba da mugun nufi suke yi ba, haka suka taso suka ji.

Amma zaƙami ma tsiro ne, kuma kowa ya san abin da yake yi wa hankali. A cikin wiwi akwai sinadarin THC mai taɓa ƙwaƙwalwa, wadda ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 25. Kusan mutum 1 cikin 10 na masu sha kan kamu da jarabarta. Ga wanda ya fara tun yana yaro, abin ya fi haka. In wanda ya kamu ya daina, sai barci ya gagara, abinci ya fita ransa, ƙaramin abu ya hasala shi.

Kanada ta halatta ta a 2018, amma ta hana sayar wa yara, ta kuma hukunta mai tuƙi cikin maye. Da ba ta da illa, me zai kawo wannan takunkumi?

In ka ji an ce wata ƙasa ta halatta, nemi dokar ka karanta sharuɗɗanta, ko ka tambayi likita. Don Allah a tura wa 'yan uwa wannan bayani.