Agogon hannu mai auna lafiya: abin da dokar Turai ta ce da wanda ba ta ce ba

Ana ta yaɗawa cewa daga Disamba 2026 Tarayyar Turai za ta hana sayar da agogunan hannu masu auna bugun zuciya. Babu hani ko ɗaya. Abin da aka zartar a Oktoba 2024 doka ce kan alhakin kaya masu aibi, mai lamba 2024/2853, wadda ta maye gurbin ta 1985. Za ta yi aiki ne kan kayan da suka shiga kasuwa bayan 9 ga Disamba 2026. Ta shafi mai ƙerawa da mai shigo da kayan, wani lokacin har da dandalin intanet da aka saya a kai.

Sabon abin shi ne manhaja ma yanzu kaya ce a idon doka. Kamfani ba zai ƙara fakewa da cewa agogon lafiyarsa ƙalau, manhajar ce ta ruɗe ba. In ya ƙi aiko da gyaran tsaro alhali abin na hannunsa, har aka cutu, shi zai biya.

Sai dai masu murna su bi a hankali. Agogo ya ba ka lamba ba daidai ba, wannan kaɗai ba ya kawo diyya. Dole a nuna aibin da cutarwar, a kuma nuna cewa aibin ne ya jawo ta. A nan dokar ta ɗan tausaya wa mai saye: kotu na iya tilasta kamfani ya fito da bayanansa, kuma in fasahar ta yi sarƙaƙiya, alƙali na iya ɗaukar cewa akwai aibi sai kamfanin ya wanke kansa. Ni dai ina ganin hakan ya dace, don ba mai iya leƙa cikin manhaja sai wanda ya rubuta ta.

Inda aka fi ruɗewa shi ne rubutun nan na jikin kwali, wai "don motsa jiki ne kawai". Ƙarƙashin dokar na'urorin asibiti ta 2017, abin da mai ƙerawa ya ce na'urar tana yi shi ke sa ta zama ta asibiti, shi ya sa kamfanoni da yawa ke kauce wa kalmar cuta. Amma alƙali zai duba yadda aka tallata ta da irin amfanin da kowa ya san mutane za su yi da ita.

Wa'adin kai ƙara shekara 3 ne daga ranar da mutum ya gano cutarwar da aibin da wanda ke da alhaki. Haƙƙin na faɗuwa bayan shekara 10 da shigar kayan kasuwa, ko 25 in ciwon mai ɓoyewa ne.