Waiwaye: Yadda Jami'ar Yamai ke rarraba ɗalibanta, daga zamanin bursi zuwa zamanin kiredi

A takarda, da kiredi, wato ma'aunin yawan aikin karatu, ake auna ɗalibin jami'a a Nijar yau: 30 a kowane zangon karatu, 60 a shekara, 180 kafin ya karɓi lisansi. Amma wanda ya zauna cikin ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni a unguwar Harobanda ta Yamai zai daɗe bai ji maganar kiredi ba. Tambayoyin da ke yawo a bakinsu su ne, kana da bursi ko ba ka da shi, sabon shiga ne kai ko maimaici kake yi, an ba ka ɗaki ko a gari kake kwana. Waɗannan rabe-raben sun girmi kiredi da shekaru masu yawa, kuma har yanzu su ke yanke hukunci a kan wanda zai kai ƙarshen karatu da wanda zai yanke a hanya.

Kafin 1971 babu jami'a a ƙasar. Yaron da ya ci jarrabawar bak, wato ta kammala sakandare, sai gwamnati ta tura shi Dakar, ko Abijan, ko Faransa, ta biya masa jirgi da kuɗin zama. A 1971, zamanin Diori Hamani, aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, aka fara da fannin kimiyya, aka ɗora masanin lissafi Boubakar Bâ a kanta. A 1973 ta zama Jami'ar Yamai. Ɗalibai kaɗan ne, ƙasa kuwa na kukan rashin malamai da likitoci da injiniyoyi, don haka kusan iri guda ne ɗalibin da aka sani: wanda gwamnati ta zaɓa, take ciyar da shi, take ba shi wurin kwana da kuɗin kashewa, kuma kujera na jiransa a ma'aikata ranar da ya gama. Irin wannan ɗalibi ba shi da wata sana'a sai karatu. Duk dokokin jami'a a kan ƙirarsa aka yanka su, kuma a wancan lokaci babu laifi a cikin hakan.

Ma'aunin kuwa shekara ce. Tsarin da aka gada daga Faransa ya ba ɗalibi shekara biyu na farko ya sami takardar shaidar DUES in kimiyya yake yi, ko DUEL in adabi da ilimin zaman jama'a ne, shekara ta uku lisansi, ta huɗu metiris. Ana zaman jarrabawa a ƙarshen shekara, wanda bai ci ba ya dawo zama na biyu bayan hutun damina. In nan ma bai kai ba, shekarar ta tafi, sai ya koma ajin. Maimaicin ma yana da iyaka a zagaye na farko, kuma wanda dama ɗaya ta rage masa kafin a sallame shi daga tsangaya shi ɗalibai ke kira kartushar. Kowa ya san irin zaman ɗar-ɗar da yake yi, domin faɗuwarsa ba takarda kaɗai za ta ci ba, har da bursi da gado da abincin resto, wato gidan cin abincin ɗalibai.

Akwai 'yan ƙananan ƙofofi a gefe. Wanda ba shi da bak yana iya shiga ta jarrabawa ta musamman, ko ta kafasite, wato kwas ɗin share fage a fannin shari'a, ma'aikacin gwamnati kuma ana iya sakinsa ya je ƙaro ilimi yana riƙe da albashinsa. Sai dai ko su, da zarar sun shigo, jadawalin kowa suke bi.

Abin ya fara tsagewa ne a shekarun 1980. Farashin uraniyom ya faɗi, baitulmali ya bushe, gwamnati ta shiga shirin tsuke bakin aljihu da Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya. Ra'ayin masu ba da bashi a lokacin shi ne a karkata kuɗi zuwa firamare, a rage abin da ake kashewa a kan ɗaliban jami'a, a kuma daina ɗaukar duk wanda ya gama karatu aikin gwamnati kai tsaye. Wannan ne ya fito da ɗalibai titi ƙarƙashin ƙungiyarsu ta USN ranar 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Saibou. A gadar Kennedy, wadda ke haɗa jami'a da tsakiyar gari, jami'an tsaro suka buɗe wuta, ɗalibai uku suka rasu. Ana yawan tuna ranar a matsayin mafarin guguwar da ta kai ga babban taron ƙasa na 1991, kuma haka ne. Amma abin da ya tashe su daga aji tun farko shi ne tambayar wane ne gwamnati za ta ci gaba da ɗaukar nauyinsa, wane ne za ta sake.

Amsar ta zo a hankali cikin shekarun 1990, kuma ba ta yi daɗi ba. A 1992 aka sa wa jami'ar sunan Abdou Moumouni Dioffo, masanin makamashin rana haifaffen Tasawa, wanda ya shugabance ta kuma ya rasu a 1991. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Albashi ya riƙa taruwa ba a biya ba, bursi ma haka, yajin aiki ya bi yajin aiki, har aka sami shekarun karatu da suka tashi a tutar babu. Cikin wannan hali ne wani sabon rukuni ya yi yawa, wato ɗalibin da ya ci bak, doka ta ba shi damar rijista, amma ba shi da bursi. Daga baya aka kafa hukumar ANAB don kula da bursi, aka ɗaura shi da sharuɗɗa irin su shekarun haihuwa da makin da yaro ya samu, aka kuma fito da tallafin jin ƙai ga wasu daga cikin waɗanda ba su samu ba. Ɗakin kwana da abinci da motocin ɗalibai suka tsaya a hannun cibiyar kula da walwalar ɗalibai, CNOU a da, CROU yanzu.

Nan ne nake ganin aka yi babban sakaci, kuma har yau ba a gyara shi ba. Yaron da ya taso daga Adar ko Gobir ba bursi, dole ya nemi abin da zai ci. Wani gadi yake yi da dare, wani koyarwa a makarantar kuɗi ko a gidajen masu hali, wani tireda. Jami'a ta karɓi kuɗin rijistarsa ta rubuta shi a jeri guda da mai bursi, ta ɗora musu kaya iri ɗaya, ta ba su ranar jarrabawa ɗaya, ta kuma ƙirga musu maimaici da ma'auni ɗaya. Yanayin rayuwar ɗalibai ya rabu gida biyu, littafin rijista kuwa bai san da haka ba.

Sai tsarin LMD ya zo, wato lisansi, masta, dakta. Asalinsa yarjejeniyar Bolonya ce ta 1999 tsakanin ƙasashen Turai, Faransa ta shiga aiki da shi a 2002. Tunda takardunmu da nata ake gwada su, jami'o'in yankin ba su da zaɓi mai yawa. A 2005 aka kafa REESAO a Lome don jami'o'in Afirka ta Yamma masu aiki da Faransanci su yi sauyin tare, majalisar CAMES mai kula da ilimi mai zurfi a ƙasashen Afirka ta amince a 2006, ƙungiyar UEMOA ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa ta fitar da umarni a 2007, Nijar kuma ta kafa shi da dokar gwamnati a 2010. DUEL da DUES da metiris suka kau. Ita UEMOA ɗin tun 2005 ta riga ta taɓa wani rabon, inda ta ce ɗalibin da ya fito daga kowace ƙasa ta ƙungiyar a ɗauke shi daidai da ɗan ƙasa wajen sharuɗɗa da kuɗin shiga jami'ar gwamnati. Ɗan Benin ko ɗan Togo ya matso kusa da ɗan gida ke nan, ɗan Najeriya da ɗan Chadi kuwa, duk da maƙwabtaka, suna rukunin baƙi.

Ya kamata a faɗi alherin LMD, domin tunanin da ke cikinsa mai kyau ne. An raba shekara zango biyu. An tattara darussa cikin ƙunshi-ƙunshi da ake kira UE, kowane da adadin kiredinsa. Wanda ya sami 10 bisa 20 a ƙunshi ya mallake shi har abada, ko da ya bar karatu ya dawo bayan shekaru. Maki mai kyau a wani darasi yana iya cike giɓin wani. Wanda ya ci mafi yawan kiredin shekara yana iya hayewa aji na gaba da bashin sauran a wuyansa, ya biya daga baya. Lisansi 180, masta ƙarin 120. A ƙa'ida, wannan tsari ya kashe tsohuwar dokar nan ta ci duka ko faɗi duka, ya kuma buɗe hanyar da kowa zai tafi gwargwadon ƙarfinsa.

Amma a duba lissafin. Kiredi ɗaya na nufin aikin awa 20 zuwa 25, to zango guda awa 600 ne zuwa 750. Ba duka a aji ake yin su ba. Kaso mai yawa aikin ɗalibi ne shi kaɗai, karatu da bincike da rubutu, kuma wanda ya tsara haka ya ɗauka akwai ɗakin karatu da littattafai, akwai wuta da intanet, akwai ƙananan rukunoni da malami zai zauna da su ya duba aikin kowa. A jami'ar da ɗalibanta suka haura 20,000, inda 'yan shekarar farko ke sammakon kama wuri a amfi, wato babban zauren lacca, wasu na tsaye a bakin taga, awoyin nan a takarda kawai suke cika. Malamin da ke da ɗaruruwan takardun jarrabawa a gabansa ba zai iya gwajin ɗalibai a kai a kai ba, sai ya koma ga jarrabawa ɗaya a ƙarshe kamar da. Shi ya sa wasu malaman da kansu ke cewa an canja wa tuwo suna ne.

Kalandar ma ta ƙi zama. Zango yana buƙatar makonninsa cif, ga yajin aikin malamai ƙarƙashin ƙungiyarsu ta SNECS, ga na ɗalibai a kan jinkirin bursi, ga rufe harabar jami'a irin wanda ya biyo bayan zanga-zangar 10 ga Afrilu 2017, wadda ɗalibi guda ya rasa ransa a cikinta. Shekaru suka riƙa hawa kan juna, sababbin masu bak su iso alhali na gabansu ba su bar ajin farko ba, lisansin shekara uku ya ci huɗu ko biyar ba tare da yaro ya faɗi ko sau ɗaya ba. Mai bashin kiredi kuma yakan tarar darasin da ake binsa da na sabon ajinsa sun faɗo awa guda. Bursi kuwa bai koyi lissafin kiredi ba, shekara da aji yake dubawa.

An yi ƙoƙarin rage cunkoso. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Ta Tawa, wadda yanzu ke ɗauke da sunan masanin tarihi Djibo Hamani, ta kawo karatun shari'a da tattalin arziki da ilimin koyarwa kusa da 'yan Adar, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga iyayen da ba za su iya riƙe yaro a Yamai ba, balle 'ya mace. Sai dai rabe-raben da aka kai can su ne na Harobanda. Saurayin da ke kabu-kabu da yamma a Tawa, da malamin kwantaragi da ke koyarwa a wani ƙauyen Illela ko Madawa, da matar aure mai goyo, duk sukan ɗauki kiredi 30 a zango kamar kowa, sun san ba za su iya ba, su faɗi rabi, a rubuta su cikin masu maimaici. Inda ake samun jadawalin yamma da na ƙarshen mako, galibi kwasa-kwasan ƙwarewa ne na kuɗi da makarantu masu zaman kansu, waɗanda ma'aikacin banki ko na ƙungiyar agaji ke iya biya. Sassaucin da LMD ya yi alkawari ya tabbata, amma ga mai kuɗi.

A ganina gyaran ba ya buƙatar sabon gini. Ɗalibi ya iya zuwa ofishin rijista ya ce kiredi 15 zan ɗauka a wannan zangon, a rubuta shi a rukunin masu rabin lokaci, ya biya daidai da haka, kada a ƙirga masa shekarar a matsayin faɗuwa. Tallafi ya bi yawan kiredin da aka ci, ko da kaɗan ne. Na san abin da masu adawa za su ce, cewa wasu za su maƙale a jami'a shekara goma saboda resto da ɗaki, kuma damuwar tana da tushe, amma ana iya sa iyakar shekaru ga kowane rukuni kamar yadda tsohon tsari ya sa wa maimaici. Aikin da ya fi wuya yana ofisoshin rijista: sai kowane ɗalibi ya sami kundi guda a kwamfuta mai riƙe da duk ƙunshin da ya ci, zango bayan zango, wanda Yamai za ta buɗe ta gani in ya taso daga Tawa, ba tare da an sa shi yawon neman sa hannu daga tsangaya zuwa tsangaya ba.