Targaɗe: me ke lalacewa a gaɓa idan ƙashi bai karye ba?

A kakar bara ƙanena ya diro daga kan amalanken da aka lafta wa karan dawa, ƙafarsa ta dama ta sauka a gefen kunya, ta lanƙwashe ta ciki. Ya ce ya ji wani abu ya yi ƙas. Kafin mu iso gida, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba, idon sawun ya kumbura suntum, har silifas ya ƙi shiga. Baffanmu ya tsuguna ya latsa nan, ya latsa can, sannan ya ɗago ya ce, "Ku gode wa Allah, targaɗe ne, ba karaya ba. Gobe da sassafe a kai shi a ja masa."

A ƙauyukanmu na yankin Wudil da Gaya, kalmar targaɗe kamar buhu take, kowane ciwon gaɓa da bai kai karaya ba a cikinta ake zuba shi. Wanda ya gurɗe a filin ƙwallo ya yi targaɗe, matar da santsin bakin rijiya ya kwashe ta yi targaɗe, yaron da kafaɗarsa ta fita daga gurbinta shi ma haka za a ce. Alhali abin da ya samu kowannensu daban ne, kuma maganin wani yana iya zama gubar wani.

Jikin baligi yana da ƙasusuwa 206, kuma 26 daga ciki suna cikin kowace ƙafa, daga diddige zuwa yatsu. Inda ƙashi ya haɗu da ɗan'uwansa shi ne gaɓa. Wanda ya taɓa zama kusa da mahauci ranar layya ya ga komai da idonsa. Idan aka zo raba gwiwar rago, kan ƙashin fari ne fat, sumul kamar an goge tangaran, wannan shi ne guringuntsi. Wani ruwa mai yauƙi zai ɗan gangaro, shi ke hana ƙasusuwan gogar juna. Sai kuma wasu fararen igiyoyi masu tauri da suka kama wannan ƙashi suka ɗaure shi da wancan, waɗanda sai mahauci ya sa bakin wuƙa ya tsinka su kafin gaɓar ta yarda ta rabu. To, a wajen masu aikin ƙashi, targaɗe shi ne waɗannan igiyoyi su miƙe fiye da ƙima, ko su yage, ko su tsinke gaba ɗaya, ƙashi kuwa yana nan a mazauninsa lafiya lau.

Abin da ke ƙara rikita zancen shi ne Bahaushe ya tara abubuwa huɗu ya ba su suna ɗaya, wato jijiya. Wadda jini ke gudana a cikinta jijiya ce. Wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa hannu da ƙafa jijiya ce. Wadda ta haɗa tsoka da ƙashi, irin agara ta bayan diddige, ita ma jijiya ce. Ta huɗun ita ce tamu, mai ɗaure ƙashi da ƙashi. Shi ya sa idan ma'aikacin asibiti ya ce wa dattijo "jijiya ce ta taɓu," sai ya koma gida yana tsoron shanyewar ƙafa, alhali wata jijiyar ake nufi.

A idon sawu ƙasusuwa uku ne suka haɗu: biyu na ƙwauri, babba ta ciki da siriri ta waje, sai na ukun da suka zauna a kansa. Ɓangaren ciki yana da jijiya mai faɗi da ƙarfi, na waje kuwa sirara ne guda uku, kuma ta gaban cikinsu ta fi rauni. Wannan ne dalilin da yawancin targaɗen ƙafa ta waje yake kumbura, kamar na ƙanena. Baƙi-baƙin da ke fitowa a gefen ƙafar bayan kwana ɗaya ko biyu jini ne da ya kwanta a ƙarƙashin fata daga inda aka samu yagewar.

Gocewa wani abu ne daban. Nan kan ƙashi ne ya fice daga gurbinsa, kuma kafaɗa ta fi kowace babbar gaɓa yin haka, saboda kwarmin da take zaune a ciki ba shi da zurfi. Ido ma yana gani, siffar wurin ta canja, gaɓar ta kafe. Ita ce ke buƙatar a mayar da ita, a hannun wanda ya iya. Amma jijiyar da ta yage, me za a mayar? A nan na saba da Baffa. Igiyar guga da ta fara tsinkewa ba a gyara ta da ƙara ja. Ba raina masu ɗori nake yi ba, sana'ar gado ce, suna kusa da mu, suna karɓar abin da mutum ya samu, kuma akwai waɗanda hannunsu ya san ƙashi ƙwarai. Sai dai jan gaɓar da ta kumbura jiya da murza ta da ƙarfi, ko gasa ta da ruwan zafi a kwana biyun farko, ƙara zubar jini a ciki yake yi. Garin neman gira sai a rasa ido.

Har ila yau, wannan "ku gode wa Allah ba karaya ba ce" tana da wani kuskure a ciki. Ƙashi yana samun jini sosai, saboda haka karaya mai sauƙi takan haɗe cikin kamar mako shida zuwa takwas. Jijiyar gaɓa jinin da ke isa gare ta kaɗan ne, farinta ma shaida ne. Ƙaramin targaɗe yakan lafa cikin mako ɗaya zuwa uku, amma wanda jijiya ta tsinke yana iya cin watanni. Masu kallon ƙwallo a gidan kallo sun san ɗan wasan da jijiyar tsakiyar gwiwarsa ta tsinke yakan yi fiye da wata shida bai taka leda ba, duk da likitocin da ke kansa.

Ta yaya mutumin ƙauye zai gane cewa abin ya wuce targaɗe? Wasu likitoci a birnin Ottawa na ƙasar Kanada sun fitar da wani ma'auni a 1992 wanda ba ya buƙatar na'ura. Idan mutum ya kasa yin taku huɗu a kan ƙafar, ko kuma aka danna kan ƙashin idon sawun ta baya ya ji zafi a ƙashin kansa, to a je a ɗauki hoto. Hoton ƙashi yana nuna karaya da tsagewa, amma ba ya nuna jijiya, don haka a ce hoto bai nuna komai ba ba ya nufin mutum raki yake yi. Idan abin ya fi ƙarfin babban asibitin ƙaramar hukuma, akan tura mutum Asibitin Ƙashi na Dala a cikin Kano, wanda yake aiki tun 1959.

Yara kam a yi hattara da su. A ƙarshen dogayen ƙasusuwansu akwai guringuntsin da tsawo ke fitowa daga gare shi, kuma ya fi jijiyoyinsu rauni. Faɗuwar da za ta ba babba targaɗe, a yaro tana iya zama karaya a daidai wannan wuri. Haka wuyan hannu: wanda ya faɗi ya dafa ƙasa, ciwon ya tsaya a kwarmin gindin babban yatsa, akwai wani ɗan ƙashi a nan da yakan karye a ɓoye, ga shi da wuyar haɗewa. Sannan duk ɗaurin da aka yi, na kara ne ko na bandeji, idan yatsu suka yi sanyi, suka canja launi, ko zafi ya yi ta ƙaruwa, a kwance shi nan take a nufi asibiti. Ɗaurin da ya hana jini wucewa ya jawo wa yara da dama yanke hannu.

Shi ƙanena ya yi taku huɗun da ƙyar, yana cije leɓe. Na ce, "Baffa, a yi mini haƙuri da jan nan, a ba ni kwana uku." Ya ce, "To, ɗan boko, ga ka ga shi." Muka ɗora ƙafar a kan buhun gero ta ɗara ƙirjinsa tsawo, muna sa tsumma da ruwan randa tunda ƙanƙara sai an je gari, muka naɗe da bandeji ba tamau ba. A kwana na huɗu kumburin ya fara saɓewa, a mako na uku ya koma gona yana ɗingishi kaɗan. Ma'aikacin ɗakin shan magani ya gaya masa ƙafar da ta taɓa targaɗe tana saurin maimaitawa, sai ya riƙa tsayuwa a kanta ita kaɗai kullum don ta yi ƙwari. Har yanzu da yamma za ka same shi a ƙofar zaure, ƙafa ɗaya a sama, yaran gidan suna zagaye da shi suna kiransa zalɓe.