Karanta dokokin Najeriya kyauta a intanet: tambayoyi da amsoshi

Da gaske za a iya samun doka ba tare da biyan ko sisi ba?

Ƙwarai kuwa. Shafin NigeriaLII yana ɗauke da dokoki da hukunce-hukuncen manyan kotuna, cibiyar PLAC mai zaman kanta da ke Abuja kuma ta ɗora dokokin tarayya a nata shafin. Waya da 'yar data sun wadatar.

To ina matsalar take?

Tsohuwar doka, kuma nan ne aka fi yin tuntuɓe. Kundin dokokin tarayya da ya fi yawo na 2004 ne, alhali an soke wasu daga cikinsu tun tuni. Dokar kamfanoni ta 1990 ta kau, ta 2020 ce ke aiki. Ta 'yan sanda ma an sake ta a 2020. Takardar da aka turo maka ta WhatsApp ba za ta gaya maka an daina aiki da ita ba. Saboda haka duba shekara da lambar doka a shafin farko, ka sake bincika sunanta ko akwai sabuwa, sannan ka leƙa sassan ƙarshe na sabuwar, inda ake ambaton wadda ta soke.

Sai maganar hurumi. Final Kod, wato kundin laifuka da hukuncinsu, ake bi a Arewa, Kudu na da nata kundin daban, Kaduna ma ta yi sabon nata a 2017. Dokar gudanar da shari'un laifuka ta 2015 ta kotunan tarayya da Abuja ce, don haka in a kotun jihar Kano ne, ta jihar Kano za ka nema.

Me talaka zai ƙaru da shi?

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya, muddin akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta haramta kama wani a madadin wanda ake zargi. Uwar da aka tsare don ɗanta ya gudu ta cancanci sanin wannan.

In takardar ba ta intanet fa?

Rubuta wa ma'aikatar da ke riƙe da takardar wasiƙa bisa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, ka ajiye kwafi mai hatimin karɓa. Kwana 7 take da su ta ba da amsa.

Karatun ya isa mutum ya kare kansa a kotu?

A'a. Dokokin da Turanci suke, na lauyoyi ma, kuma fassarar da kotu ta yi wa sashe ita ce abin dogaro. Mara ƙarfin ɗaukar lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a a babban birnin jiharsa.